Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga shugabannin jam'iyyarmu a Abuja: ku sauko rumfar zaɓe

Zuwa ga Shugaban jam'iyya na ƙasa da 'yan kwamitin gudanarwa.

Sallama ga Musulminku, gaisuwar mutunci ga Kiristocinku, tare da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ba zan ce muku ranku ya daɗe ba, kuma ba raini ne ya hana ni ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, leburan kuza ne a Bukuru kuma ɗan jam'iyyar NEPU har ya koma ga Ubangijinsa, shi ya hore mu da cewa ɗan jam'iyya ba ya faɗuwa gaban ɗan jam'iyya. Don haka zan kira ku Malamai, yadda muka ji ana kiran Malam Aminu Kano. Sau biyu ina rubuto muku ta hannun ofishin jiha, shiru kake ji kamar an aiki Bawa garinsu. Shi ya sa na kawo maganar fili, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Bari in fara da ranar Asabar 25 ga Fabrairu 2023. Na fito daga masallacin asuba da rigar sanyi biyu, wanda ya san sanyin Jos ya san abin da nake nufi, na nufi firamaren unguwarmu inda rumfarmu take. Ni ne aka ce ejan ɗin jam'iyya. Amma katin wuya na shaidar wakilci bai zo ba, daga baya na ji cewa ba a ma shigar da sunayenmu a shafin hukumar zaɓe cikin wa'adi ba. Sai na tsaya a matsayin mai jefa ƙuri'a kawai, ina leƙen tebur daga nesa. Ejan ɗin manyan jam'iyyu kuwa bibbiyu ne, kowa da katinsa a wuya, da biro, da batirin cajin waya, ga yaro yana kawo musu shinkafa a roba da ruwan leda. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin takardun kuɗi, babu tsaba a hannun kowa, amma hakan bai hana komai ba: a wani soro da ke bayan makarantar ana karɓar lambar asusu, ana miƙa taliya da sabulu ta taga. La'asar sakaliya wayata ta mutu. Da aka zo ƙirga, ƙuri'unmu ba su cika yatsun hannu biyu ba, alhali gidana kaɗai mutum biyar muka fito. Aka cike takardar sakamako, masu kati a wuya suka sa hannu suka karɓi kwafinsu, ni kuwa na kwafi lambobin a bayan takardar magani da na samu a aljihu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba wannan ba ne. A hanyar komawa gida na haɗu da wata dattijuwa mai ƙosai a bakin layinmu, wadda na koyar da 'ya'yanta uku a firamare. Na ce mata, "Iya, ke ma kin juya mana baya?" Ta ce, "Malam, kai na san ka. Da kai ne a takardar da na dangwala maka ko ba sisi. Amma mutumin naku ban taɓa ganin ƙeyarsa ba. Ranar da ruwa ya ci mana gada wa ya zo? Ranar da aka kwantar da jikana wa ya leƙo?" Ban sami amsa ba, na ce mata Allah ya ba da kasuwa na wuce.

Bayan zaɓe kun kira taron manema labarai a wani otal a Abuja kun ce an yi mana maguɗi. Ba na musun ana maguɗi a ƙasar nan, na ga aringizo da idona tun jamhuriya ta biyu. Sai dai a rumfata babu wanda ya sace mana komai, don ba mu kawo abin sata ba. Ɓarawo ba ya fasa rumbun da babu hatsi.

Ku duba lissafin da kanku. Tun bayan ƙarin da hukumar zaɓe ta yi a 2021, rumfunan zaɓe a Najeriya 176,846 ne, a mazaɓu 8,809, cikin ƙananan hukumomi 774. Jihar Filato kaɗai tana da rumfa kusan dubu biyar. Duk wata kujera, daga kansila har shugaban ƙasa, a waɗannan rumfunan ake haifarta, a kan takarda ɗaya mai suna EC8A. Ita ake ɗauka hoto da na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS a tura, ita ake kaiwa wurin tattara sakamako, ita lauya zai nema ranar da aka je kotu. Jam'iyyar da ba ta da mutum a tebur lokacin da ake cike ta, ba ta da bakin magana bayan an cike. Magoya bayan Buhari sun gane wannan tun da wuri, shi ya sa kirarinsu ya zama a kasa, a tsare, a raka. Ku gaya mini tsakani da Allah, cikin rumfuna 176,846 nawa ne muke da sunan mutum ɗaya da lambar wayarsa, wanda in aka kira shi yau zai amsa ya ce shi namu ne? In kuna da wannan littafin ku nuna mana. In babu, to ba mu da jam'iyya tukuna, takardar rajista kawai muke da ita, kuma kun san a Fabrairun 2020 hukumar zaɓe ta soke irin wannan takarda ta jam'iyyu 74 rana ɗaya.

Akwai kuma wani lissafin da ya kamata ya hana ku barci, amma don murna. A 2023 mutum sama da miliyan 93 ne ke cikin rajistar masu zaɓe. Waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su wuce miliyan 25 ba. Wanda ya lashe kujerar shugaban ƙasa da ƙuri'a miliyan 8 da dubu ɗari bakwai da 'yan kai ya lashe ta. Wato jam'iyyar da ta fi kowace girma a ƙasar nan ita ce ta waɗanda suka zauna a gida. Na san su, maƙwabtana ne: mai faci a Dilimi da ya ce rufe shago wuni guda asara ce, matar auren da katinta ke wata unguwa da suka baro tun rikicin 2008, saurayin da ya ce duk kanwar ja ce. Waɗannan ba su sayar da ƙuri'arsu ga kowa ba. Babu dai wanda ya taɓa zama da su a kan benci ya tambaye su abin da ke damunsu. Mu kuma kullum muna can muna kokawar ƙwace mutanen da manyan jam'iyyu suka riga suka ɗaure da igiyar kuɗi.

Kuna yawan ambaton Malam a jawabanku, har hotonsa na gani a bangon ofishinku. To mu tuna yadda aka yi aikin. An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, kuma waɗanda suka ɗauke ta a ka teloli ne, da mahauta, da 'yan koli, da malaman zaure, da leburori irin mahaifina. Ba su da gidan rediyo, ba su da baitulmali, ga ɗauri ga bulala a kotunan alƙalai. Hajiya Gambo Sawaba sau 16 ana kai ta kurkuku. Abin da suke da shi shi ne reshe a unguwa, da katin jam'iyya wanda mutum ya saya da kuɗinsa, da magana ɗaya wadda kowa ya fahimta. Mahaifina bai iya boko ba, amma in ka tashe shi tsakar dare ka ce me NEPU take so, zai ce maka a daina aikin tilas, a daina zaluncin haraji, talaka ya san shi ma mutum ne. Shekara kusan talatin ana wannan shuka kafin a girbe ta a 1979, lokacin da PRP, jam'iyyar da Malam ya jagoranta bayan NEPU, ta ci Kano da Abubakar Rimi, ta ci Kaduna da Balarabe Musa. Da suka hau kuma ba su tsaya kafa kwamiti ba, suka soke haraji da jangali. Manomi ya ji a aljihunsa, Bafulatani ya ji a garkensa. A nan Filato ma a shekarar ce Solomon Lar ya ci gwamna a NPP da maganar 'yantar da mutanen karkara, alhali NPN ce ke da gwamnatin tarayya.

Yanzu ku ɗauko kundin manufofinmu. An aiko mana kwafi uku a mazaɓa, da Turanci, mai kauri kamar littafin rajistar asibiti. Ni da na yi shekara talatin da biyar ina riƙe da alli sai da na nemi ƙamus. Na gwada fassara wa 'yan majalisar shayinmu sakin layi ɗaya kan sake fasalin tattalin arziki, kafin in kai tsakiya wani direban Keke Napep ya ce, "Baba, a taƙaice dai, tikiti nawa zan riƙa yanka a rana in kun ci?" Wannan ita ce tambayar, kuma babu amsarta a kundin.

Mene ne haraji da jangalin wannan zamani? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka ba daga Abuja za a yanke ba. A Jos, ku tambayi mai kayan gwari a Farin Gada sau nawa ake karɓar kuɗi a kan kwandon tumatir ɗaya tun daga gona har ya sauka. Ku tambayi manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu nawa ya sayi buhun taki, kuma ko yana iya kwana a gonarsa da ido biyu rufe. Ku tambayi matan Unguwar Rogo da na Tudun Wada nawa suke kashe wa 'yan garuwa a wata. Ku tambayi 'yan kasuwar da suka rasa rumfunansu tun da babbar kasuwar Taminus ta ƙone a Fabrairun 2002, waɗanda wasunsu suka tsufa suna kasa kaya a bakin titi. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 kuwa, kuɗin mota kaɗai ya isa a yi kamfe da shi. A kowace ƙaramar hukuma a zaɓi abu biyu, iyaka uku, waɗanda kujerar da muke nema za ta iya yi da gaske, a faɗe su da Hausa da Birom da Angas da duk harshen da ake ciniki da shi a wurin, a yi ta maimaitawa har yara su haddace. Ɗan takarar kansila da ke alƙawarin gyara darajar naira maƙaryaci ne, kuma mutane sun san haka.

Na san abin da za ku ce: babu kuɗi. Gaskiya ne, siyasar yanzu ta masu hannu da shuni ce. A 2022 fom ɗin takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100 ne a APC, miliyan 40 a PDP. Ko ejan ɗaya ɗaya za ka sa a kowace rumfa ka ba shi naira dubu goma na abinci da mota, kana maganar sama da naira biliyan ɗaya da miliyan ɗari bakwai a wuni guda. Ba mu da wannan, ba kuma za mu samu ba. Amma me ya sa ake biyan ejan tun farko? Don baƙo ne, an ɗauko shi haya ana jibi zaɓe, kuma wanda aka ɗauko haya da dubu goma, mai dubu ashirin zai saye shi kafin azahar. Mutumin da rumfar take ƙofar gidansa, wanda ya yi shekara uku yana biyan kuɗin kati, yana zuwa taro, shi ba haya ake ɗaukarsa ba, matarsa ce ma za ta aiko masa da abinci. Ku dawo da kuɗin wata. Naira 200 ba ta kai kuɗin shayi da burodi ba. In mutum dubu ɗari suka biya, naira miliyan 20 ke nan a wata, miliyan 240 a shekara, kuɗin da babu ubangidan da zai zo ya ce a yi masa biyayya a kansa. Sharaɗin kawai a ba da rasit, a bar kaso mafi tsoka a mazaɓa, kuma ma'aji ya tashi ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa duk wata. Mutanenmu sun iya adashi, sun iya ƙungiyar masallaci da ta zumuntar mata a coci, ba a taɓa koya musu daga Abuja ba. Abin da ke kashe irin wannan tara kuɗi guda ɗaya ne, a ji shiru game da inda suka tafi.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Duk kakar zaɓe, ana gama fidda gwani a manyan jam'iyyu, sai waɗanda suka sha kaye su fara sintiri a ofishinku da daddare. Gari na wayewa sai mu ji an ba wane tikiti. A mazaɓarmu akwai wani matashi da ya yi shekaru yana bin marasa lafiya asibiti, yana tsaya wa 'yan unguwa a ofishin 'yan sanda, shi muka tsayar. Ana saura kwanaki a rufe karɓar sunaye aka aiko cewa ya janye wa wani Alhaji mai kayan aiki. Alhajin ya buga fosta, ya raba hula, ya faɗi, kafin a rantsar da sabuwar gwamnati ya koma inda ya fito, ko sallama bai yi mana ba. Matashin kuma ya yi zuciya ya bar siyasa, ya tafi da samari fiye da waɗanda Alhajin ya kawo. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, na sani, amma mu a ƙasa ba mu ga ladan ba, askin kawai aka bar mana. Ba na cewa a rufe ƙofa, jam'iyya ba gidan gado ba ce. Wanda ya zo, ya yanki kati a mazaɓarsa, ya yi shekara biyu ana ganinsa, sannan ya shiga layi a ƙirga 'yan bayansa a fili kamar kowa.

In ba ku ji wannan don adalci ba, ku ji don tsoron kotu. Ranar 24 ga Mayu 2019, kwana biyar kafin rantsuwa, Kotun Ƙoli ta rushe duk nasarar APC a Zamfara, daga gwamna har 'yan majalisa, saboda ba a yi zaɓen fidda gwani yadda doka ta tanada ba. A nan gidanmu kuma, a ƙarshen 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sauke 'yan majalisar jiha 16 na PDP da wasu na tarayya kan batun zaɓen shugabannin jam'iyya. Gwamna Caleb Mutfwang ya tsira don shari'arsa tana kaiwa Kotun Ƙoli, wadda ta mayar masa da kujerarsa a Janairun 2024, amma su 'yan majalisar a Ɗaukaka Ƙara hanyarsu ta ƙare. Waɗannan manyan jam'iyyu ne masu manyan lauyoyi. Mu da ba mu da ko littafin rubuta bayanin taro a yawancin mazaɓu fa? Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai maganar buri. Duk shekara huɗu ƙarfinmu kaf yana tafiya kan takarar shugaban ƙasa, kujerar da tsarin mulki ya ce sai ka sami rinjaye da kuma kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu bisa uku na jihohi. Mu da ba mu da kansila! Na fi son in ga mun zaɓi mazaɓun majalisar jiha ashirin da na wakilai biyar a duk ƙasar, inda muke da ɗan tushe, mu tare a can, sauran mu haƙura. Abu ne mai yiwuwa. A zaɓen cike gurbi na Bassa da Jos ta Arewa a Fabrairun 2022, PRP, wadda wasu ke cewa ta zama tarihi, ta wuce jam'iyyar da ke mulkin jihar a lokacin. Kuma ku da kuke Abuja, gona tana ƙofar gidanku: ƙananan hukumomin birnin tarayya shida, AMAC ta cikin garin Abuja da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da Abaji, da kujerun kansila 62, su kaɗai ne a ƙasar nan hukumar zaɓe ta ƙasa ke gudanar da zaɓensu. A jihohi hukumomin da gwamnoni suka naɗa ne ke yi, kowa ya san yadda sakamakon ke fitowa. Sau nawa ɗayanku ya je Kwali ko Abaji ba ranar kamfe ba? Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kujerar ciyaman ta cancanci a yi mata wahala, ko da aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya. Ciyaman ɗaya namu da zai liƙa abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sakatariya duk wata, ya gyara asibitin sha-ka-tafi, ya fi mana fosta miliyan. Kar kuma a manta darasin Kaduna. Balarabe Musa ya ci gwamna amma NPN ce ke da rinjaye a majalisa, suka ƙi amincewa da kwamishinoninsa, suka tsige shi a Yunin 1981. Mai neman kai ba tare da ƙafafu ba, haka takan ƙare masa.

Yanzu zan taɓo inda ke da zafi, don ni mutumin Jos ne. Garin nan ya ga Satumban 2001, ya ga Nuwamban 2008 wanda zaɓen ƙaramar hukuma ne ma ya kunna shi, ya ga Janairun 2010. Tun daga nan unguwanni suka rabu, mutane suka sayar da gidajen da aka haife su a ciki suka koma cikin nasu. 'Yan siyasa sun gano cewa wannan rabuwa jari ce: ba sai ka gina komai ba, ka ce wa mutanenka in ba ka ci ba waɗancan za su ci. Jam'iyyar talakawa da ta shiga wannan kasuwa ta mutu, don akwai waɗanda suka fi mu iya cinikin. Na ji kunya ranar da na ga reshenmu na wata unguwa Musulmi zalla, na wata unguwar Kirista zalla, kuma shugabannin biyu ba su da lambar juna. Alhali da asuba a Farin Gada, matar da ta kawo kabeji daga ƙauye da dillalin da zai saya da Hausa ɗaya suke ciniki, mai tikiti ɗaya ke tatsar su, rami ɗaya ke fasa musu taya. Ƙungiyoyin direbobi, da na teloli, da na makanikai, da na malaman makaranta, har yanzu a gauraye suke. Ta nan ƙofa take. A garin nan ne SDP ta tsayar da Abiola a Maris 1993, ya ɗauki Babagana Kingibe, Musulmi biyu, kuma ranar 12 ga Yuni Filato ta zaɓe su, Kano ma ta zaɓe su ta bar ɗanta Bashir Tofa. Na san zamani ya canza, an zubar da jini tsakani, ba na yaudarar kaina. Amma ina roƙon ku sa doka: kada a amince da shugabancin wata ƙaramar hukuma a Jos sai an ga ɓangarorin biyu a ciki, kuma taro ya riƙa zagayawa, wannan wata a Gangare, wata mai zuwa a Kabong. Ranar farko za a zauna a ɗarare. A zauna ɗin dai.

Mata kuwa, duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfa ya san layinsu ne ke fara cika kuma shi ke ƙarewa a ƙarshe. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976, kuma 'yan NEPU na cikin waɗanda suka sha duka a kan neman sa. Yau mun mayar da su masu anko da guɗa, da kujera ɗaya ta shugabar mata. Ni namiji ba zan iya shiga gidan kulle in yi magana ba, amma ungozoma tana shiga, mai kitso tana shiga, uwar adashi tana shiga. Ku ba su riƙon littafin rumfa da jakar kuɗi ku ga bambanci.

Samarinmu na Facebook da TikTok ina yaba musu, sun fi mu kaifin baki. Sai dai akwatin zaɓe ba ya ƙirga masu danna alamar so. Na tambayi wasu sojojin baka guda shida da ke zama a shagon cajin waya kusa da gidana, biyu ne kawai ke da katin zaɓe. Tun 2018 doka ta sauko da shekarun takarar majalisar jiha da ta wakilai zuwa 25. Duk wanda ya iya tara mabiya a waya, a ba shi rumfa ɗaya a ce ya kawo mutum hamsin masu kati, da sunansu da layinsu. Wanda ya cika, shi ne shugaban matasa.

Kan haɗaka ba zan tsawaita ba. A 2013 ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka narke suka zama APC, bayan shekara biyu suka kayar da gwamnati mai ci. A 2023 Atiku da Obi da Kwankwaso, waɗanda duk a inuwa ɗaya suke kafin 2022, sun tara sama da ƙuri'a miliyan 14 a rarrabe, suka faɗi su uku. Darasin a bayyane yake. Amma wanda zai je teburin haɗaka da hannu rabbana, kujerar baya za a nuna masa. Ku je da littafin rumfuna a hammata, a san nauyinku. Kafin nan kuma ku fara haɗa kanku, don labarin da ke iso mana na ɓangaren wane da ɓangaren wane yana tuna mini da Santsi da Taɓo, rigimar da ta raba PRP gida biyu tun ba ta cika shekara uku a mulki ba. Na ga 'yan uwa ciki ɗaya sun daina gaisawa a kanta, kuma ba NPN ce ta yi mana wannan ba.

Mu a mazaɓarmu ba mu jira ku ba. Mun sayi littafi mai bango mai ƙarfi, mun ware shafi biyu ga kowace rumfa, muna bi gida gida bayan la'asar. Muna rubuta mai kati da marar kati da wanda ke buƙatar a sauya masa rumfa. Mun tara kuɗi mun yashe magudanar da ke cika wa mutane gida duk damina, ba mu kafa tuta a wurin ba, amma kowa ya san su wane ne suka shiga cikin kwatar. Iya mai ƙosai ta ba da naira 200 ɗinta wata biyu a jere, kuma ta ce in gaya muku tana son rasit mai hatimi, ba takardar da na yago daga littafin 'yan makaranta ba.

Don haka abin da muke nema a wurinku bai da yawa: katunan zama ɗan jam'iyya masu lamba, da littattafan rasit, da rubutaccen alƙawari cewa wanda muka tsayar ba za a canza shi da daddare ba. Muna taro duk Asabar ɗin farkon wata, bayan la'asar, a ajin farko na hannun dama in an shiga makarantar. Daga Abuja zuwa Jos ta Akwanga ba ta wuce tafiyar rabin yini ba. In ɗayanku zai zo, ya zo shi kaɗai ba jiniya, ya taho da rigar sanyi, benci muke zama.

Naku a tafiya,
Tsohon malamin firamare kuma sakataren mazaɓa,
Jos, Jihar Filato.